Wutsiyar Kiɗan Isufu

Yanzu in na fito ƙofar gida bayan la'asar, abin da kunnena ke fara ji shi ne gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kowace taga da nata, kowanne yana ɗigar da ruwa a jikin bango. Ba ka jin muryar kowa. Mutane suna ciki sun rufe ƙofa, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Bayan rasuwar matata ne 'yata ta ɗauko ni daga Ammariyya ta kawo ni nan Aziziyya, duk a cikin Jidda, ta ce gidan can ya tsufa, matakalarsa za ta kayar da ni wata rana. Gaskiya ta faɗa, gwiwoyina sun daɗe da ƙin hawa. Amma a can, a da, ko ba ka fita ba unguwa ce ke biyo ka har ɗaki. Da safe mai ruwa zai wuce da jakinsa yana buga garwa, sannan taɓaren matanmu su fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, mai burodin tamis yana faɗa da yaransa a bakin tanda, can daga teku kuma jirgin ruwa ya saki ƙahonsa har ka ji shi a ƙirji. In lokacin sallah ya yi, ladanai su ɗauka kusan tare, muryar wannan ta hau ta wancan. Ban san ina sauraron waɗannan abubuwa ba sai da suka yi shiru.

Ina saurayi na zo garin nan. Na zo sauke farali, na sauke, na zauna, kamar yadda da yawa suka yi kafin ni. Lokacin Jidda na haɗiyar kaya kamar ba za ta ƙoshi ba. Jiragen ruwa suna jere a teku suna jiran a sauke su, in ka hango su daga gaɓa sai ka ce wani gari ne aka gina a kan ruwa. Na samu dako a siton wani ɗan kasuwa kusa da tasha. Siminti, shinkafa, ƙarafa, akwatunan da ba mu san abin da ke ciki ba, duk sun bi ta wuyanmu. Mu dawo da yamma fari fat da ƙurar siminti, mu yi layin garwa ɗaya mu yi wanka, wanda girki ya faɗo kansa ya hura risho. Wanki ranar Alhamis, shanya a saman soro, kayan su bushe su yi tauri saboda gishirin iska. Ɗaki ɗaya muke kwana, mu da yawa, ƙafar wani a kan wani, amma ban tuna na taɓa kwana da yunwa alhali na kusa da ni ya ci ba. Babbanmu a gidan wani dattijo ne da muke kira Baba Maitsire. Shi da ƙafa ya zo, ta Sudan, tun muna ciki ko ma ba a yi auren iyayenmu ba. Yana gasa tsirensa a bakin lungu, Larabawa na layi suna saye. In ya ga ɗayanmu ya fara ɗaga kafaɗa don ya iya Larabci, sai ya ce, “Yaro, baƙo raɓa ne. Ko ka shekara nawa, rana na fitowa za ka tashi.” Mu yi dariya. Shi da ya faɗa a nan aka binne shi.

A ɗakin nan na haɗu da Isufu. Mutumin Damagaram ne, dogo siriri, mai dogayen yatsu kamar ba na ɗan dako ba. Ba ya buɗe baki sai ya ce “bon”, kalmar Faransanci irin ta mutanen Nijar, har muka riƙa tsokanarsa da ita. A gida yakan kaɗa gurmi a ɓoye, don mahaifinsa malami ne, da ya kama shi da sai ya karya gurmin a kansa. Wata rana ya dawo daga aiki da wani abu naɗe a buhu, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Ya kwance, sai ga jita, jikinta duk ƙarzuwa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya gaji da zaman jira ne ya ba shi, shi kuma Isufu ya ba shi jakar fata da layun azurfa da ya zo da su daga gida. Har da kaset ɗaya mutumin ya haɗa masa, ba rubutu a jiki. Muka aro rikoda, muka zagaye ta.

Kiɗa ne zalla, ba waƙa. Ganga ce ke farawa a hankali, kamar ana daka a wani gida mai nisa, sai jita ta shigo da murya mai kauri, kowane amo in ya kai ƙarshe sai ya yi rawa kamar yadda zafi ke rawa a kan kwalta da tsakar rana. Ba mu san sunansa ba, ba mu san wa ya yi shi ba. Mun dai ce na Turawa ne. Ni ban ji kaset ɗin sosai ba, don batir ɗin rikodar ya yi sanyi, mai ita kuma ya zo ya karɓi abarsa. Isufu ne ya riƙa yawo da kaset ɗin a aljihu, duk inda ya ga rikoda ya roƙa a sa masa, har ranar da ya manta shi a gaban motar ɗaukar kaya, rana ta narkar da shi ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa. Da na yi masa jaje, sai ya nuna kansa da yatsa ya ce, “Bon, ai ya riga ya shiga nan.”

Daga nan Juma'a ta zama tamu. In an sauko daga masallaci an ci abinci, rana ta ɗan yi sanyi, sai mu hau saman soro. Isufu ya zauna a kan bulo ya rungumi jita, ni in kifa garwa tsakanin gwiwoyina in riƙa ba shi ganga da tafin hannu. Da farko kamar kyanwa aka take wa jela. Amma mutumin nan yana da naci. Kafin Hajji ya zagayo, kiɗan ya zauna a hannunsa daram. Akwai wani wuri da na fi so. In kiɗan ya yi kamar zai ƙare, ni in ɗauke hannu daga garwa, sai Isufu ya koma kan siririyar tsirkiya shi kaɗai, ya riƙa gangarowa a hankali, yana tsayawa yana komawa baya kaɗan, kamar mace na kiran ɗanta daga bakin gona ba ta son ɗaga murya. Mu muka sa wa wurin suna wutsiya. In ya shiga wutsiya, duk mai surutu sai ya yi shiru. Baba Maitsire da farko ba ya son abin. Yakan ce, “Kiɗa ba waƙa, ai miya ce ba tuwo.” Amma wata Juma'a ya hau shan iska ya tarar ana wutsiya, ya tsaya riƙe da butarsa har aka gama. Sannan ya ce, “Isufu, wannan Baturen ya taɓa zuwa ƙasarmu ne?” Isufu ya yi murmushi kawai, yana gyara tsirkiya.

A soron maƙwabta akwai wata yarinya, 'yar mai ƙosai, haifaffiyar nan. Mun lura ba ta tashi kwashe shanya sai ranar Juma'a da yamma, kuma zane ɗaya sai ta daɗe tana ninke shi. Abokai suka ɗauka Isufu take kallo. Shi ya fara ganewa, ya ce mini, “Kai, ba jita take saurare ba, mai garwa take saurare, ko da yake Allah ya sani ba abin saurare a wurin.” Ita na aura. Ranar walima, bayan la'asar, ya kaɗa mana kiɗan a tsakar gida, tsofaffin mata suna leƙe ta bayan labule. Da ya kai wutsiya na ga uwar amarya ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Matar nan tun tana goyo aka fito da ita daga ƙasarmu, ba ta taɓa komawa ba.

Ba a daɗe da bikin ba abin ya faru. Da hantsi ne, ana sauke wani babban akwatin katako daga mota a ƙofar sito. Mun sa hannu muna daidaita shi, igiya ta zame. Ni na ja da baya, Isufu bai samu ja ba. Ban ji ya yi ƙara ba. Abin da na ji shi ne ƙarar katako a kan siminti, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, “Ku ɗaga, ku ɗaga don Allah.” Muka ɗaga. Hannun hagu ne, wanda yake danne tsirkiya da shi. Na cire rigata na naɗe masa, muka tare mota. A hanya bai kalli hannun ba ko sau ɗaya, titi kawai yake kallo, yana karanta abin da ya sawwaƙa. A asibiti suka cire yatsun tsakiya, suka ɗinke sauran.

Da ciwon ya warke, wata Juma'a ya ce in ɗauko jita mu hau. Mu biyu ne kawai. Ya rungume ta yadda ya saba, ya kai hannun, ya danna da abin da ya rage. Amon ya fito a dakushe. Ya sake, ya juya hannun ta wani gefe, ya sake. Gumi ya keto masa. Ni ina zaune da garwa na rasa inda zan sa idona. Can ya miƙo mini jitar ya ce, “Karɓi, kai kana da yatsu.” Ya kama hannuna yana ɗora mini yatsa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi ta yi har inuwa ta rufe soron, ban fitar da amo ɗaya mai kyau ba. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce, “Bon. Allah ya ba mai yatsu, ya hana shi kunne. Ya ba mai kunne, ya karɓe yatsu. Halas, shi ke nan, mu sauka.” Kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya riga ya ce ba shi da aikin da zai ba mai hannu ɗaya. Bai tsaya roƙo ba. Ya bi ayarin alhazai masu komawa, ya bar mini jitar. Na raka shi har inda ake barin masu rakiya, ya ce in gaida amarya, ya juya.

Bayan tafiyarsa garin ma ya sauya. Kiɗa ya zama abin da ake yi a ɓoye, a rage murya, a rufe taga. Na tura jitar ƙarƙashin gado. 'Ya'ya suka zo, hidima ta zo, yau sabunta takardar zama ta iƙama, gobe neman sabon kafili, jibi wani ba lafiya. Dako ya koma hannun injuna, na koma gadi, daga gadi na koma zaman gida. Zafi da damshin teku suka tsaga katakon jitar, wuyanta ya karkace, wata shekara da muke gyaran ɗaki aka fitar da ita tare da tarkace. Labarin Isufu ya riƙa zuwa jefi-jefi ta bakin alhazai, sannan ya daina zuwa. Mutanen ɗakinmu kuwa, wasu an kama an mayar, wasu sun koma da ƙafarsu, wasu suna kwance a maƙabartun garin nan.

Jikana Anas, ɗan 'yata na fari, shi ke kai ni asibiti duba gwiwa. Saurayi ne cikakke, a nan aka haife shi, a nan aka haifi uwarsa, amma takardarsa har yau ta baƙo ce. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai amsa rabi da Larabci yake amsawa. Shi da abokansa suna wannan waƙa ta zamani da suke kira hip-hop, wadda ake zuba magana da sauri a kan ganga. Ni dai kamar faɗa nake jin ta. Ranar nan muna cikin cunkoso ya kunna wata a mota, na jingina kai ina shirin gyangyaɗi. Sai na ji ganga. Kafin in ankara tafin hannuna ya fara bugun gwiwata. Sai ga jita ta leƙo, amo kaɗan, aka datse, aka dawo farko. Ta sake leƙowa, aka sake datsewa. Wani ƙato yana ta zuba Turanci a kai.

Na ce, “Kai, ɗan nema, ina ka samo wannan?”

Ya ce, “Wanne, Sidi?” Haka yake kirana, irin na mutanen nan.

“Kiɗan nan na ƙasa. Na san shi tun uwarka ba ta zo duniya ba. Me ya sa ba sa barin shi ya wuce? Sai ya ɗaga ƙafa su mayar da shi.”

Ya kalle ni kamar na yi magana da harshen aljanu. Ya rage murya ya ce, “Wallah? Kai ka san wannan? Sidi, wannan ai asali ne, shi ne kakan abin da muke yi.” Ya yi mini bayani, Hausa na ƙare masa yana cikawa da Larabci. Wai da farko wasu Turawa ne suka yi shi da jita. Daga baya wasu suka sake yin sa suka cika shi da ganguna. Sai samarin baƙar fata a Amurka, masu haɗa rawa a unguwa, suka lura wurin gangar nan ne ke tayar da mutane, suka riƙa yanko shi kaɗai suna maimaitawa, masu magana suna hawa kai. Daga nan abin ya bazu duniya, har ya zo motar da muke ciki. Na ce to, ashe abin da muke bugawa a garwa ya yi jikoki kamar ni. Amma na gaya masa sun yar da nama sun riƙe ƙashi, don daɗin kiɗan yana can ƙarshe.

Da muka dawo gida ya buɗe kwamfutarsa ya ce, “Yalla, ga na asalin.” Ya kunna. Shi ne, ba ko shakka. Gangar nan mai nisa, jitar nan mai rawar murya, tas kamar yau aka yi. Na ɗaga masa hannu na ce ya yi shiru, ga wurin nan tafe. Kiɗan ya yi kamar zai ƙare, na riƙe numfashi. Sai ya ƙare.

Na ce, “An yanke. Nemo cikakken.”

Ya nemo wani, na masu ganguna. Babu. Ya nemo na wasu mutane daban, da na wasu kuma, har da wanda ake ganin masu kiɗan a tsaye da kwat. Kowanne ya zo daidai wurin sai ya tsaya. Na fara faɗa, na ce injinsa ne bai sani ba. Anas ya ce a hankali, “Sidi, ma fi. Babu wani abu bayan nan. Haka yake tun asali.” Tambayar Baba Maitsire ta dawo mini, da murmushin da aka ba shi a maimakon amsa. Shekara da shekaru ina yaba wa wani Bature da ban sani ba, ashe mai abin yana kwana a gefena, ƙafarsa a kan tawa.

Anas ya ce in rera masa da baki ya ɗauka a waya. Na ce a'a, sai na tambayi mai abin tukuna, ko yana nan ko ba ya nan ban sani ba. Muka shiga cigiya wurin 'yan Nijar masu zuwa umra suna sarin kaya. An daɗe ba a dace ba, har wata Hajiya 'yar Damagaram ta ce ta san wani tsoho mai guntun hannu da ke sayar da dabino da tasbaha a bakin wani masallaci. Da ta koma ta aiko da lambar ɗansa.

Da rana muka kira. Anas ya danna ya ba ni, na kara a kunne. Aka yi ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu, ina jin kukan awaki, sannan wata murya ta ce, “Wa ke magana?” Ta tsufa, ta shaƙe, amma ita ce. Na faɗi sunana, na ce mai garwa. Ya yi salati ya maimaita, ya ce, “Kana nan da rai? Har yanzu kana can?” Na ce ina nan. Ya tambayi amarya, na ce ta riga mu. Ya yi mata addu'a. Ya riƙa kiran sunayen mutanen ɗakinmu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa Allah ya jiƙansa, har ya gaji ya daina tambaya. Ya ce idanunsa sun yi hazo, in na samu mai zuwa in aiko masa da maganin ɗigawa, an ce na nan ya fi kyau. Na ce insha Allahu.

Sannan na ce, “Isufu, ka tuna wutsiya?”

“Wutsiyar me?”

“Ta kiɗan nan. Na saman soro, ranar Juma'a.”

Ya ce, “Bon, na tuna muna hawa soro. Na tuna jita. Amma kiɗan kam, wallahi ya fita. Ka san tun da na dawo ban sake taɓa tsirkiya ba.”

Na ce to ya saurara. Na gyara zama, na rufe ido, na fara da hanci. Numfashina ba ya kai yadda nake so, ina yi ina tsayawa in ja iska, muryar tana karkarwa inda bai kamata ba. Amma na gangaro da ita a hankali, na koma baya inda ake komawa, har na kai ƙasa. Anas yana tsaye a bakin ƙofa, bai motsa ba. A wayar ba na jin komai sai iska, har na ɗauka layin ya yanke.

Can Isufu ya yi tari ya ce, “Kai, wannan da daɗi. Na wane ne?”

Na ce, “Naka ne. An bincika duniya duka, babu shi ko'ina. Kai ka ƙara shi.”

Ya yi 'yar dariya ya ce, “To, in ka ce. Allah ya yafe mana ƙuruciya.” Na ji an fara kiran sallah a wajensu. Ya ce za a kama masa hannu zuwa masallaci, kada in manta da maganin. Muka yi sallama.

Na miƙa wa Anas wayarsa. Ya durƙusa kusa da kujerata ya ce, “Esh gal, Sidi? Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce da daɗi.”